Jirgin ceto na katako mai rimot: a bar shi yadda na asali yake, ko a sa ya riƙa tashi in ya kife?

Kafintan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da aiki a hannu da nake neman shawararku a kai. Ɗan ƙaramin jirgin ceto nake haɗawa da katako, wanda za a sa a ruwa a tuƙa da rimot, ba na ajiyewa a kan kanta ba. Samfurin da na ɗauka shi ne Watson mai ƙafa 47, cikin jiragen da ƙungiyar ceto ta RNLI ta yi aiki da su a gaɓar tekun Birtaniya. Ma'aunin 1:12 ne, kowace ƙafa ta koma inci ɗaya ke nan, don haka tsawonsa inci 47, wajen santimita 119, faɗinsa inci 13. Ƙanena ne ya saya mini zanen ya turo.

Ga inda na kai: na yanke ƙashin baya da haƙarƙari daga filawud mai kaurin milimita 6, na kafa su a kife a kan allon aiki, na ja zare na ga komai ya miƙe. Tambayoyina uku ne. Da wane katako zan rufe jikin? Wane inji zai ja shi? Kuma in ya kife a tsakiyar ruwa, me zai faru?

Ɗalibi a Hull:
Wa alaikumus salam Malam. Kai, ka zaɓi jirgi mai tarihi. Irin wannan samfurin ne Solomon Browne, jirgin tashar Penlee a Cornwall, wanda ya fita daren 19 ga Disamba 1981 don ceto mutanen jirgin dakon kaya Union Star. Sun samu sun ɗauko mutum huɗu, suka koma ɗauko sauran, daga nan aka daina jin su a rediyo. Ma'aikatan ceto 8 da mutanen Union Star 8 duk suka rasu. Har yau duk ranar 19 ga Disamba ana kashe fitilun Kirsimeti na ƙauyen Mousehole na awa guda saboda su. Masu haɗa irin waɗannan ƙananan jiragen a nan Ingila suna yawan zaɓar sa.

A kan tambayarka ta uku, ka sani tun yanzu cewa Watson 47 ba a ƙera shi don ya tashi da kansa in ya kife ba. Za mu dawo kan wannan, don nan ne rigimar take.

Baba Mai Zarto:
Sannu da ƙoƙari ɗana. Batun katako ni zan amsa, tun da a kansa na tsufa. Kada ka wahalar da kanka neman balsa daga waje. Ka je 'yan katako ka ce obeche kake so, wasu su ce maka arere. Fari ne, ba nauyi, ba ƙulli, yana lanƙwasuwa, kuma yana shan gam. Ka zaɓi wanda ya bushe sosai, ka duba ba ramin ƙwaro, don ƙwaro na son sa. Ka kai wajen masu injin tsaga su fitar maka da shi sirara, kaurin milimita ɗaya da rabi zuwa biyu, faɗin kamar santimita guda. Za ka yi asarar rabin katakon a bakin zarto, amma duk da haka ya fi arha.

Kafin ka manna ko tsinke ɗaya, ka ɗauki dogon katako miƙaƙƙe ka naɗe shi da samfefa, ka goge gefen haƙarƙarin nan har su bi layi ɗaya. In ka ɗora siririn katako a kan haƙarƙari uku ya kwanta a kan duka ukun ba tare da ka danna ba, to ka gama. In ba ka yi wannan ba, duk fentin duniya ba zai ɓoye kumburin ba.

Ɗalibi a Hull:
Baba ya yi gaskiya, kuma abin dariyar shi ne a shagunan kayan irin wannan aikin a nan, obeche ɗin namu ne ake sayarwa a 'yan tsinkaye cikin leda da tsada. Daga dazuzzukan Afirka ta Yamma yake zuwa. A Gana wawa suke ce masa, a Kamaru ayus.

Injiniya Kaduna:
Kafin a yi nisa da katako, a yi lissafin nauyi, don shi zai yanke hukunci a kan komai. In ka rage tsawo sau 12, nauyi ba sau 12 yake raguwa ba, sau 12 × 12 × 12 ne, wato 1,728. Na asalin ya kai kimanin tan 23. Ka raba, za ka samu kilo 13 da ɗoriya. Sai jirginka ya kai wannan nauyin kafin ya nutse zuwa layin ruwan da ke kan zane, wanda a ma'auninka bai wuce santimita 11 daga ƙasa ba. Ko da gram 500 ya gaza, za ka gan shi yana tsaye bisa ruwa yana rangaji.

Wannan albishir ne a gare ka. Gangar jikin ba za ta wuce kilo 4 ba in ka yi da obeche. Ragowar kusan kilo 9 kai ne za ka zaɓi inda za ka ajiye su, kuma amsar ita ce ƙasa, can ƙasa, dab da ƙashin baya.

Sai gudu. Nan mutane ke ɓata aikinsu. Gudun ƙaramin jirgi ana raba shi ne da tushen murabba'in ma'auni, a naka kusan 3.5. Watson 47 injin dizal biyu gare shi na Gardner, kowanne doki 60, kuma gudunsa wajen kilomita 16 ne a awa. Naka ke nan kilomita huɗu da rabi a awa, tafiyar mutum a ƙafa. In ya fi haka sai ya daina kama da jirgin ceto.

Sarkin Rimot:
Haba Injiniya, mutum ya shafe watanni yana aiki sannan ya zo yana kallon abu na rarrafe? Ni a ganina ya sa injin da ba gawayi, irin na jirgin sama marar matuƙi, da batirin LiPo, wato na lithiyam marar nauyi. Ƙarfi a ajiye ba ya cutarwa. In ba ya so ya rage a rimot.

Injiniya Kaduna:
Yana cutarwa, ɗan'uwa. Jikin Watson irin wanda ke ture ruwa ne, ba mai hawa kansa ya zame ba. In ka ƙara masa ƙarfi ba gudu zai ƙara ba, gindi zai dasa ya ɗaga hanci, ruwa ya hau masa ta baya. Da samfurin Shannon yake ginawa, jirgin ceton zamani wanda ya fara aiki a 2013 yana tafiya da feshin ruwa maimakon farfela, da na goyi bayanka. Kuma ga LiPo ba nauyi, alhali nauyi muke nema. Batir 12V 7Ah irin na UPS guda biyu ya sa, kowanne ya haura kilo 2, a kwance a kan ƙashin baya. Ya samu wuta ya samu nauyi a kuɗi ɗaya, kuma zai wuni a ruwa. Inji biyu masu gawayi, girman 540 ko 550, masu juyi a hankali, farfela biyu masu juyawa saɓanin juna don kada jirgin ya riƙa jan gefe ɗaya.

Sarkin Rimot:
To na ji batun batir. Amma kada a ce masa ya yi tsimin na'urar daidaita gudu. Biyu zai saya, kowane inji da tasa, masu iya komawa baya. Ta haka zai iya tura ɗaya gaba ɗaya baya jirgin ya juya a inda yake. Rimot na FlySky mai 2.4GHz ya ishe shi. Abu ɗaya: wannan siginar ba ta ratsa ruwa, don haka resiba da eriyarta su zauna sama da layin ruwa, nesa da wayoyin inji. Ya sa fis kusa da batir. Kuma ya saita rimot ɗin yadda in sigina ta yanke inji zai tsaya, in ba haka ba sai dai ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaga masa hannu.

Kafintan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Batir da inji na ɗauki na Injiniya, saitin rimot na ɗauki na Sarki. Baba, a zanen an nuna katakon jiki a karkace, ba a miƙe daga hanci zuwa wutsiya ba. Dole ne sai na bi haka?

Baba Mai Zarto:
Ba dole ba ne, amma ni da ni ne zan bi. Ka yi fallen farko a karkace ta hannun dama, na biyu ya ratsa shi ta hagu. Kowane falle yana riƙe ɗan'uwansa, ba inda tsaga za ta bi ta yi tsawo. Kuma gajerun tsinkaye sun fi sauƙin lanƙwasawa a kan hanci. Sai dai sai ka fara shimfiɗa 'yan sirara a tsaye tsakanin haƙarƙari, daga gaba zuwa baya, don na karkacen su sami abin kwanciya. Inda ya yi gardama ka jiƙa shi da ruwan zafi, ka riƙe da allurar tela da shirin shanya har ya bushe, sannan ka sa gam. Ka riƙa yi ɗaya dama ɗaya hagu. In ka gama gefe guda kafin ɗayan, zai ja ƙashin bayan ya murɗe.

Wata magana kuma: kada ka yi rufin nan a damina ka bar shi tsirara ya shiga hunturu. Iskar nan za ta tsotse shi ka ga layuka sun buɗe. In ka fara, ka gama ka shafe ciki da waje.

Ɗalibi a Hull:
Abin da Baba ya faɗa shi ne ainihin yadda aka gina manyan. Falle biyu na mahogani a karkace, suna ratsa juna, a tsakaninsu a shimfiɗa yadin alawayyo da aka shafe da farin fenti don tare ruwa. Na ga tsohon jirgi irin na katako an ajiye shi a tudu, in ka matsa kusa ta inda fenti ya ɗaye za ka ga layukan a karkace.

Wani wuri da zai ba ka aiki shi ne ƙarƙashin wutsiya. Farfelolin Watson a cikin wasu kwari biyu suke zaune, an lotsa jikin jirgin ciki, don in ya hau yashi ko tarkace kada su karye. Mutane da yawa a nan sassaƙa wurin suke yi daga dunƙulen katako maimakon rufi da sirara.

Kafintan Tudun Wada:
Tun da mahogani ne na asali, me zai hana fallen waje in yi da maɗaci? Ina da guntaye busassu.

Baba Mai Zarto:
Dangi ne, amma namu maɗacin ya fi nauyi da taurin kai, kuma jijiyarsa a murɗe take, in ka tsaga shi siriri sai ya riƙa karyewa a lanƙwasa. Kuma fenti za ka rufe shi da shi, wa zai gani? Ka ajiye shi don ƙofofi da kujerar matuƙi da abin da za a shafa wa banish.

Malama Mai Fasaha:
Sannunku da aiki. Ni darasin fasaha nake koyarwa a sakandare, kuma mun taɓa yin ƙananan jirage da ɗalibai, ba masu kyau irin wannan ba. Abin da na lura shi ne farin gam na kafintoci yana sakin jiki in ya daɗe a jiƙe. Shawarata bayan an gama rufi a shimfiɗa siririn yadin faiba a waje a shafe da efoksi, gam ɗin nan mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsa shi, ciki ma a shafe da efoksin. Ba zai taɓa yoyo ba.

Baba Mai Zarto:
Malama, da girmamawa, in an lulluɓe shi da faiba to ina jirgin katakon? Sai a ce jirgin roba ne mai katako a ciki. Mutanen da suka gina na asali faiba suka sa? Aikin da ya haɗu ba ya buƙatar bargo.

Malama Mai Fasaha:
Baba, su ma ai yadi suka sa, ɗalibinmu na Hull yanzu ya faɗa. Nasu a tsakiya, nawa a waje. Kuma nasu katakon mai kauri ne, yana zaune a bakin teku cikin laima kullum. Wannan kaurinsa duka bai kai milimita 4 ba, yau yana ruwa gobe yana ɗaki a zafin Afrilu. Ba ɗaya ba ne.

Baba Mai Zarto:
To a sa yadin a tsakiya mana yadda suka yi. Tsohon yadi siriri, a jiƙe shi da efoksi tsakanin falle biyun. Waje kuma efoksi zalla a goge a yi fenti. In an haska fitila a gefe a ga alamar layin katako kaɗan-kaɗan, shi ne kyansa.

Malama Mai Fasaha:
Wannan na yarda da shi, in dai an shafe ciki ma. Ruwa ta ciki yake kashe jirgi.

Ɗan Yawuri:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Ina karantawa raina na sosuwa. Mu nan bakin Kwara kusan kowace damina sai an yi jana'izar mutanen da jirgi ya kife da su. Na Warra a 2021 ba mu manta ba. Na Patigi a 2023 sama da mutum 100 ne, daga biki suke dawowa. Ga masu ilimin lissafin nauyi da katako a wannan zauren, amma abin wasan Turawa ake ƙerawa.

Injiniya Kaduna:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba ka ɓata hira ba. Amma lissafin da muke yi ɗin nan shi ne dai na babban jirgi. Yawancin haɗarin kogi lodi ne fiye da kima, kaya da mutane a sama, tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Yaron da ya ga da idonsa yadda ƙaramin jirgi ke kifewa in an ɗaga batir sama da yatsa uku ya fahimci abin da ake nufi da lodi a sama.

Ɗalibi a Hull:
Ni abin da ya fi ba ni sha'awa a nan ba jiragen ba ne. RNLI tun 1824 take, Sir William Hillary ya assasa ta, kuma har gobe da gudummawar jama'a take tafiya. Mafi yawan masu fita ceton 'yan sa kai ne, masunta da makanikai da masu shago, in an kira su bar aikinsu su ruga. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar teku.

Ɗan Yawuri:
Masu iyo da masu kwale-kwale namu su ne ke fara isa kullum, ba wanda ya biya su. Kayan aiki ne babu. Na faɗi abin da ke raina dai. Malam Kafinta, in ka gama ka sa bidiyon gwajin kifewar, zan nuna wa wasu.

Kafintan Tudun Wada:
In sha Allahu. Wannan ya dawo da mu tambayata ta uku. Ni so nake in ya kife ya tashi.

Injiniya Kaduna:
Kuma ya kamata ka so hakan, don haɗarin kifewa ya fi yawa a ƙaramin. Iska ba ta san ka rage ma'auni ba. 'Yar iskar yamma mai kilomita 15 a awa, a wajen jirginka daidai take da mai sama da kilomita 50 a wajen babban. Ƙaramar igiyar ruwa mai tsayin taƙi ɗaya, a wajensa ta fi tsayin mutum. Kullum cikin hadari yake.

Hanyar sa shi ya tashi biyu ce a haɗe. Nauyi a ƙasa ƙwarai, sannan sama a sami ɗaki rufaffe mai iska wanda in jirgin ya juye zai shiga ruwa ya ƙi zama a can. Haka jiragen zamani suke yi, tun daga Arun na shekarun 1970 har Severn da Shannon. Matsalarka ita ce ginin saman Watson gajere ne. In kana son tabbas, sai ka ƙara wa ɗakin matuƙi tsayi da faɗi kaɗan.

Baba Mai Zarto:
A'a. Nan kam ban yarda ba. In ka ƙara wa ɗakin tsayi ka bar Watson ka shiga wani abu da ba shi da suna. Mutum ya sayi zane, ya auna haƙarƙari da milimita, sannan ya zo ya ɗora masa rawanin da ba nasa ba? In jirgi mai tashi yake so ya sauya samfuri.

Sarkin Rimot:
Baba, ka fi son ya yi daidai da zane yana ƙarƙashin ruwa, ko ya saɓa da inci ɗaya yana hannun mai shi? Kuɗin da ke cikin cikinsa fa ba kaɗan ba ne.

Baba Mai Zarto:
Kifewa daban, nutsewa daban. Ya cusa farin soson kwalin firji a hanci da wutsiya da gefuna, ko ya cika da ruwa ba zai nutse ba. Manyan ma akwatunan iska aka jera musu a ciki.

Ɗalibi a Hull:
Wannan gardamar taku an yi ta a kan manyan jiragen sama da shekara ɗari, kuma da rayuka aka biya. Jiragen da ke tashi da kansu na ƙarni na 19 matsattsu ne, shi ya sa suke tashi, amma shi ya sa kuma suke saurin kifewa. A 1886, wajen ceton jirgin Mexico, jiragen ceto na tashoshin Southport da St Annes suka kife, ma'aikata 27 suka rasu a dare ɗaya. Bayan nan ne aka ɗauki G. L. Watson, mai zanen jirage ɗan Glasgow, ya zama mai ba ƙungiyar shawara. Ra'ayinsa shi ne a yi jirgi mai faɗi wanda da wuya ya kife tun farko. Kamar ƙwarya ce a kan ruwa: da ƙyar za ka kifar da ita, amma in ta kife ta zauna ke nan. Ma'aikata da yawa sun fi son hakan, kuma an tafi a kai shekaru masu yawa.

A 1958 aka fito da samfurin Oakley mai ƙafa 37, wanda ya haɗa biyun da dabara: yana ɗauke da ruwa tan ɗaya da rabi a tanki a ƙasa, in ya kife ruwan ya kwarara zuwa wani tanki a gefen hagu, nauyin ya mirgino da shi. Amma tsofaffin suna nan suna aiki. Sai ga jirgin tashar Longhope a Maris 1969, Watson 47 ne, ya kife duk mutum 8 suka rasu. Janairu 1970 na Fraserburgh ya kife, 5 cikin 6 suka tafi. Daga nan aka yanke cewa dole jiragen su zama masu tashi.

Ga inda ya shafe ka. Yawancin tsofaffin Watson ba a ƙara musu ɗaki ba. Jakar iska aka ɗaura musu a saman rufi, a naɗe, in jirgin ya juye ta hura kanta ta mirgino da shi, sau ɗaya tak. A 1983 jirgin Salcombe, shi ma Watson 47, ya kife, jakar ta tashe shi, ba wanda ya rasu.

Malama Mai Fasaha:
To ai Baba da Injiniya duk an ba su gaskiya ke nan. Siffa ba ta sauya ba, kuma ya tashi.

Injiniya Kaduna:
A babba. A ƙarami jakar da za ta hura kanta aiki ne na daban: tulun iska, bawul, makunnin da ke gane juyewa, duk a saman jirgi inda ba ma son nauyi. Ban ce ba zai yiwu ba, amma ba a jirgin farko ba. Abin da zai yiwu: ya bar girman ɗakin yadda yake a zane, ya yi shi da filawud mafi siriri, ya cika shi da soso, ya ɗaure shi da kyau yadda ba zai fita ba in ya juye. Batir su ma a ɗaure su da maɗauri. Batir mai kilo 2 in ya zame gefe ɗaya, magana ta ƙare. Ragowar nauyin kuma a zuba shi cikin ƙashin baya. Sai a gwada a ga iya inda zai kai ya dawo.

Sarkin Rimot:
Ragowar nauyin ya samu dalma wajen masu gyaran taya ya narka ya zuba.

Malama Mai Fasaha:
Don Allah kada ya narka dalma a gida, ga yara. Abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya isa darasi. Ya samu ƙwallayen boris da tsofaffin notina wajen makanikai, ya wanke da fetur, ya jera su a ƙasa ya zuba musu efoksi. Sun ɗan fi cin wuri, amma jirgi mai faɗin inci 13 ba ya rasa wuri. Kuma kada ya manne su sai ya sa jirgin a ruwa ya matsa su gaba da baya ya ga layin ruwa ya daidaita.

Kafintan Tudun Wada:
Jama'a, ga rahoto bayan dogon shiru. An gama rufi falle biyu da yadi a tsakiya yadda Baba ya ce, an shafe ciki yadda Malama ta ce. Kwarin farfela sassaƙa su na yi. Sandunan farfela na ƙarfe marar tsatsa ne cikin bututun tagulla, na cika bututun da giris. Fenti shuɗi a jiki, ja a ɗamarar gefe, ɗaki ruwan lemo. Sikeli ya nuna kilo 13.4.

Na kai shi tafkin kifin maƙwabcina na siminti. Ya zauna a kan layi daidai. A rabin maƙura yake tafiyar da Injiniya ya lissafa, hancinsa na tsaga ruwa yana barin 'yar igiya biyu a baya, tarwaɗa na gudu. Inji ɗaya gaba ɗaya baya, yana juyawa a wuri ɗaya.

Gwajin kifewa: na kwantar da shi a gefe har ɗaki ya taɓa ruwa, na saki, ya miƙe da ƙarfi har ya fantsama mini ruwa. Na wuce da shi har ƙashin baya ya fito sama a karkace, ya yi jim, ya dawo. Amma da na kifa shi sosai, ƙashin baya a tsaye sama, ya zauna abinsa. Sai da na taɓa gefe da yatsa sannan ya mirgino. Bai nutse ba. Ruwa kamar rabin kofin shayi ya shiga, ta bakin murfin da nake sa batir.

Injiniya Kaduna:
Madalla. A tafkin siminti ruwa a kwance yake. A fili, igiyar da ta iya kifar da shi ita za ta yi masa aikin yatsan nan. In kana son ƙari, ka matsar da kamar gram 200 na nauyin zuwa gefe ɗaya a can ƙasa, ka daidaita shi da soso a saman ɗaya gefen ɗakin, yadda a kife ba zai sami daidaito ba. Dabarar Oakley ce a taƙaice.

Baba Mai Zarto:
Sai ya riƙa tafiya a karkace yana miƙe. Ka bar shi haka ɗana. Watson ka ce za ka gina, Watson ka gina.

Injiniya Kaduna:
Ba zai karkace ba in an mayar da nauyin ta wajen zaman batir, Baba. Amma jirginsa ne.

Ɗan Yawuri:
Na ga bidiyon. Wanda na fi so shi ne na biyun, inda ka ɗora batir ɗaya a sama ka ɗan taɓa shi ya tafi. Shi na tura wa mutanenmu.

Sarkin Rimot:
Kafin ka kai shi babban ruwa ka tanadi sandar kamun kifi, ka ɗaura ƙwallon tanis a bakin zaren. In ya mutu a tsakiya ka jefa ta bayansa ka jawo. Kada ka bar yaro ya shiga ɗauko shi. Resiba kuma ka sa ta cikin balan-balan ka ɗaure bakin da zare.

Kafintan Tudun Wada:
Nauyin zan bar shi a tsakiya yadda yake. Murfin ne ke damuna yanzu. Baba, in na yi masa baki mai tsayin santimita guda a kewaye, murfin ya kifu a kansa, roba zan sa a tsakani ko giris ya isa?

Baba Mai Zarto:
Duka biyun. Yanko tsohon tub na keke, ka manna a ƙarƙashin murfin ba a kan bakin ba, ka shafa giris kaɗan. Sukurori huɗu a kusurwa, kada ka ɗaure su har robar ta fito gefe. Ka sa busasshiyar takarda a ciki ka sake kifa shi, inda ta jiƙe nan ne.